Godiya ga Ma'aikatan Gidan Adana Takardun Tarihi na Atlanta

Zuwa ga ma'aikatan National Archives, reshen Atlanta da ke garin Morrow, jihar Jojiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a kan aikin da kuka yi wa iyalina.

Maiɗakina baƙar fata ce 'yar Amurka, danginta manoman auduga ne daga ƙauyukan kudancin Jojiya. Ta wajena, yaranmu suna iya jero sunayen kakanni ba tare da takarda ba, don a bakin tsofaffi muka ji. Ta wajen uwarsu kuwa, da an wuce kakarta sai zance ya tsaya. Wannan ne ya kai mu ofishinku.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta ce mu fara daga ƙidayar jama'ar Amurka ta 1950, wadda aka buɗe wa jama'a a 2022 bayan cikar shekara 72 da doka ta tanada, mu riƙa komawa baya shekara goma-goma. Tun kafin mu ɓata lokaci ta gaya mana cewa gobarar 1921 ta cinye mafi yawan takardun ƙidayar 1890. Ta nuna mana yadda ake cike wannan giɓi da ƙidayar 1880 da ta 1900, da kuma katunan rajistar soja na 1917 da 1918, waɗanda na ainihinsu suke ajiye a wurinku. A jikin ɗaya muka ga sunan kakan mahaifin maiɗakina, da gonar da yake noman kashi-mu-raba a cikinta. Bai sa hannu ba, alama kawai ya yi, domin ba a ba shi damar karatu ba.

Shafin 1900 shi ya fi daɗe mana a rai. A shekarar an tambayi kowace uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. Kakar kakar maiɗakina ta haifi goma sha ɗaya, shida suka rage. Ba wanda ya taɓa ambatar biyar ɗin nan a gidansu. Maiɗakina ta yi kuka, ma'aikaciyar kuma ba ta hanzarta mu ba, ta bar mu har muka natsu.

Da muka isa 1870, ƙidaya ta farko da ta rubuta sunayen bayin da aka 'yanta, sai aka faɗa mana gaskiya: a jerin bayi na 1850 da 1860 shekaru da jinsi da launi kawai ake rubutawa ƙarƙashin sunan ubangida. A ganina nan ne kuka fi cancantar yabo. Ba ku liƙa mana wani kaka don ku faranta mana rai ba. Kun tura mu ga takardun hukumar kula da 'yantattun bayi da aka kafa a 1865, inda akwai yarjejeniyoyin ƙodago da rajistar aure, kuka koya mana bambanta abin da takarda ta tabbatar da abin da muke zato. Ko sisi ba ku karɓa ba a kan wannan jagora.

Yanzu yaranmu suna da sunaye har zuriya shida ta wajen uwa, mun kuma aika wa dangi a Jojiya da Detroit, inda wasu suka yi ƙaura lokacin da ƙwaro ya lalata auduga. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku,
Wani uba mazaunin Atlanta