Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Magajin Garin Marwa kan baƙin da suka zo zama

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan lafiya ne da malaman makaranta da masu gyaran famfon burtsatse da masu aikin rajistar 'yan gudun hijira a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Mun rubuto maka a fili ne saboda Marwa ta daɗe tana karɓar masu gudun hijira, amma har yanzu tana yi musu lissafin baƙon kwana uku. Da yawa daga cikinsu zama suka zo yi, kuma gara gari ya shirya wa zaman da kansa da ya tashi ya tarar an yi shi a bakin mayo, wato kogi.

An buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013, yau kuma mutanen da ke cikinsa sun haura 70,000, galibi daga Jihar Borno. Hanya uku ce gaban ɗan gudun hijira. Ko ya koma gida: Kamaru da Najeriya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, sun sa hannu kan yarjejeniyar hakan ranar 2 ga Maris 2017, an kuma kwashi wasu zuwa Banki da Bama daga 2021, sai dai sansanin bai ragu yadda aka zata ba. Ko a kai shi wata ƙasa ta uku, abin da bai kai wa mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, ga shi Amurka ta dakatar da shirinta a Janairun 2025. Ko kuwa ya zauna inda yake. Duk lokacin da aka rage rabon abinci a sansani, samari da zawarawa masu 'ya'ya sukan gangaro Mokolo da Mora da Marwa neman na tuwo. Ga kuma 'yan ƙasa da rikici ya koro daga Kolofata da Amshide da Mayo Moskota da Fotokol, waɗanda yawansu a jihar ya wuce 400,000. Dokar ƙasa mai lamba 2005/006 ta 27 ga Yuli 2005 ta ba wanda aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira damar aiki da karatu da zirga-zirga da zuwa kotu. Saura aikin gari.

Mu fara da takarda, don daga nan komai ke lalacewa. Matar da ta haihu a asibiti akan ba ta takardar sanar da haihuwa, ita kuma sai ta adana ta a ƙasan adaka tana zaton ita ce takardar haihuwar. Ba ita ba ce. Sai an kai ta ofishin rajista an rubuta yaron a littafi kafin wa'adin doka ya cika. Idan ya wuce, magana ta koma kotu: a nemo takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, a nemo shaidar cewa babu sunansa a littafin ofishin, a kawo shaidu, a biya kuɗin tambari da na mota. Mai tallan ƙosai ba za ta iya ba. Ba a ganin ɓarnar sai yaro ya kai aji shida an ce ya kawo takarda don jarrabawar kammala firamare ta CEP, a nan karatu ke tsayawa. Maganinsa sananne ne. A ajiye magatakardan rajista a kowace cibiyar lafiya mai ɗakin haihuwa, ko da kwana biyu a mako, uwa ta fita da lambar rajista a hannu. A ba ungozomomin unguwa da jaurawa, wato masu unguwanni, littafin rubuta haihuwar gida, a karɓa duk ƙarshen wata. Waɗanda suka riga suka makara kuwa, a roƙi kotu ta yi zaman tafi-da-gidanka a makarantu tun yara suna aji uku ko huɗu, gari ya ɗauki kuɗin. Wani ƙaramin abu mai babbar illa: rubutun suna. Katin sansani ya ce Musa Usman, magatakarda ya rubuta Moussa Ousmanou, makaranta ta rubuta na uku. Ranar da aka jera takardun sai a ce mutum uku ne. Umarni ɗaya ya isa: a kwafi suna harafi da harafi daga takardar farko.

Katin ɗan gudun hijira ma yana bukatar wanda zai tsaya masa. Akwai shingayen bincike da shagunan layin waya da ba su san kamanninsa ba, mai shi kuwa ba layi, ba asusun kuɗi na waya, kullum yana cikin fargabar tsayawa a hanya. Mun san 'yan sanda da jandarmomi ba a hannunka suke ba, amma kana zama da Gwamna da firefe, wato kantoman yanki. A buga samfurin katin a liƙa a ofisoshinsu da kasuwanni.

Sai ruwa. Ma'aunin masu aikin agaji shi ne lita 15 zuwa 20 ga kowane mutum a yini, famfon hannu ɗaya ga mutum 500, kan famfon bututu ɗaya ga mutum 250. Idan unguwa ta ƙaru da mutum 5,000, tana bukatar ƙarin lita 100,000 kullum, wato famfon hannu goma. In ba a ƙara ba, layin jarkoki ne zai tsawaita, 'yan garuwa su ƙara kuɗi daga Maris zuwa Mayu lokacin da ruwan ƙasa ke ja baya, mata su koma tonon yashin kogin Kaliyawo. Faɗan farko tsakanin ɗan gari da baƙo a bakin famfo ake yinsa, tun kafin maza su ji labari. Kuma haƙa sabuwar rijiya ba shi ne wuyar ba. Famfon da aka yi wa mutum 500 idan 1,500 suka hau shi, robar cikin silinda ke fara cinyewa, sai sarƙa da boris, sai bututun ƙarfe ya yi tsatsa ya huje. Gyaran da zai ci 'yan dubban sefa yakan jira wata uku don babu asusu, babu kayan gyara kusa. Muna ba da shawarar kowane famfo ya sami kwamiti mai mata aƙalla rabi, da baƙi a ciki, da kuɗin wata-wata da ake rubutawa a littafi, gari kuma ya buɗe rumbun kayan gyaran famfo samfurin India Mark II da Vergnet, tunda su suka fi yawa a nan. Masai kuma kada ya kusanci rijiya da ƙasa da mita 30, ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Inda aka saɓa wannan, amai da gudawa na jiran ruwan Agusta.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne shawarar da ake yawan kawowa, wai a yanka wa baƙi fili guda a bayan gari a tara su. Tana da daɗin ji, ga sauƙin rabon kaya. Amma unguwar da aka yi wa suna da ƙabila ɗaya ko ƙasa ɗaya, ita za a fara zagayewa duk ranar da wani abu ya fashe. Mutanen Marwa ba su manta Yulin 2015 ba, da hare-haren babbar kasuwa da unguwannin Barmare da Pon Ver, ba su kuma manta yadda zargi ya hau kan duk mai jin Barbarci ko Hausar Borno ba. Garin nan Giziga da Fulani da Mufu da Barebari da Hausawa da Mafa da Tupuri da Mundang da Larabawan Shuwa suka cakuɗa suka yi shi, Fulatanci ya zame musu harshen kasuwa. Baƙon da ya kama haya a Domayo ko Dugoi ko Dualare cikin shekara guda ya iya ciniki da Fulatanci, an san shi a masallaci ko coci, akwai mai tsaya masa. Saboda haka taimako ya bi unguwa, kada ya bi kati. Idan ƙungiya ta kawo aji ko famfo, na duk mazauna layin ne. Ranar da aka raba buhu ga mai kati aka tsallake makwabcinsa da ya ba shi ɗaki kyauta shekara biyu, an shuka gaba.

Akan kawo misalin Utika ta Jihar New York a Amurka, garin da ya zube daga mutum kusan 100,000 zuwa 60,000, sannan 'yan gudun hijirar Bosniya da Myanmar da Somaliya suka sake raya shi. Gaskiya ne, amma can gidaje ne suka rasa mutane. Nan mutane ne suka rasa gidaje. Don haka haya ce za a sa wa ido: yarjejeniya a rubuce gaban jauro da shaidu biyu, da kuɗin wata, da wa'adin sanarwa kafin tashi. Haka aron gona. Sau da yawa baƙo zai share fili ya zuba taki, albasa ko masakwa ta yi kyau, shekara mai zuwa mai gona ya ce yana son abinsa. A rubuta damina nawa aka ba da aro. Sannan a hana sayar wa baƙi filayen da kowa ya san hanyar ruwa ce, don su kaɗai ne ba su sani ba.

Yaran da suka fito daga Minawawo da Turanci suka yi karatu. A sa su sashen Turanci na makarantun gwamnati, kada a mayar da ɗan aji biyar aji ɗaya saboda Faransanci.

Game da rigingimu, Kuseri ta isa darasi. Rikicin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma a yankin Logon Birni kan ruwa ya faro, a Agusta 2021, ya sake tashi a Disamba, cikin 'yan kwanaki ya shiga Kuseri aka ƙone kasuwar shanu, dubban mutane suka tsallaka Chadi. Ƙaramar magana ce da ba ta sami mai yanke ta da wuri ba, har ta sa rigar ƙabila. Akwai kwamitin sasanta manoma da makiyaya da dokar 1978 ta kafa ƙarƙashin sufirefe, wato kantoman gunduma, sai dai ba ya motsi sai an biya kuɗin fita, talaka kuwa ya gwammace ya kira danginsa. Gari ya sa kuɗin man fitar nan a kasafinsa. A matakin unguwa kuma, tare da yardar Mai Martaba Lamiɗo, kowane lawan, wato dagaci, ya riƙa zama sau ɗaya a wata da limami da fasto da shugabar mata da wakilin baƙi, a rubuta ƙorafi da ranar da aka kawo shi da ranar da aka kashe shi.

Za a ce ina kuɗi. Tun 2018 Bankin Duniya ya buɗe wa Kamaru asusun tallafa wa 'yan gudun hijira da masu masaukinsu, ga FEICOM, asusun gwamnati na tallafa wa ƙananan hukumomi, ga ƙungiyoyin agaji. Dukkansu adadi suke tambaya, Marwa kuwa ƙidayar 2005 ce a hannunta, lokacin tana da mutum 200,000 da 'yan kai. Roƙonmu shi ne ka haɗa magadan gari na Marwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku, a bi unguwa-unguwa a ƙirga gidaje da masu kwana a ciki, da famfunan da ke aiki da waɗanda suka mutu, da yaran da ba su da takardar haihuwa. Masu ƙirgar su zama malamai da ma'aikatan lafiya, ba masu kaki ba, kuma kada a tambayi kowa ƙabilarsa, in ba haka ba mutane za su ɓuya. A gama kafin zaman kasafin kuɗi na ƙarshen shekara, don abin da aka samu ya shiga lissafin baɗi.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, malamai, masu gyaran famfo da ma'aikatan agaji mazauna Marwa