Kafin a goge kwamfuta ko a jefar da ita saboda Windows 10

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu aiki da kwamfutar tebur a kan wani al'amari da ya wuce mutane da yawa ba su ankara ba. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, gyare-gyaren tsaro, shekara goma bayan fitowarta, sai dai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na masu amfani a gida iyakarsa 13 ga Oktoban 2026. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi kamar kullum, kuma wannan ne yake ruɗin mutane, domin duk ƙofar da masu kutse suka gano daga yanzu a buɗe za ta zauna. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya, alhali tun watan Maris aka fitar da maganin ɓarakar, waɗanda abin ya shafa ba su ɗora shi ba ne.

Wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan Windows 11, ya koma kanta kawai. Sai dai sharuɗɗan suna da tsauri: RAM na gigabait 4, ma'adana mai gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, sannan a ɓangaren kamfanin Intel ana neman firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki lafiya lau sun faɗi a wannan jarrabawa. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, amma kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Kofen Windows da aka fasa kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, tunda ba ka san abin da wanda ya fasa shi ya cusa a ciki ba.

Kwamfutata tana cikin waɗanda aka ƙi, kuma ban ga dalilin jefar da ita ba. Na sauke Linux Mint, wata babbar manhaja mai maye gurbin Windows wadda kyauta ce, na ɗora ta a filashi, na tayar da kwamfutar daga jikinsa ba tare da na taɓa komai a ma'adana ba. Na shafe yammaci guda ina gwaji: na kunna sauti, na shiga intanet, na buga shafi ɗaya a firinta, na zaɓi allon rubutu na Hausa na tabbatar ɓ da ɗ da ƙ suna fita. Sai da hankalina ya kwanta na girka ta. Ubuntu ma, wani nau'in Linux, haka take, tana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da shi shekara biyar. Amma gaskiya ɗaya ce, wanda abincinsa yake ga Photoshop ko CorelDRAW ba zai same su a Linux ba, kuma LibreOffice, manhajar ofis da ake amfani da ita a can, ko da yake tana buɗe takardun Word da Excel, wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Manhajojin da mutum yake aiki da su kullum su ya kamata su zaɓa masa.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar da ake yi a ranar girkawa. Na ga wata ɗaliba zaune gaban kwamfutarta tana buɗe jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, duk wayam, saboda wanda ya yi mata aikin ya zaɓi a goge ma'adana gaba ɗaya bai tambaye ta ba, babi huɗu na kundinta suka tafi. Allon da ke tambayar ko a goge komai ko a girka sabuwa a gefen tsohuwa, minti ɗaya ya isa a karanta shi. Kafin a kai nan, a kwafe takardu da hotuna zuwa wata ma'adana ta daban, a buɗe kaɗan daga ciki a tabbatar sun kwafu, a cire ta daga jikin kwamfutar tukuna. Wanda ya koma Windows 11 kuma ya duba ko BitLocker, manhajar tsaro da ke cikinta, ta kulle masa ma'adana, ya rubuta mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda ya adana, domin ranar da aka canza wani sashe na kwamfutar tana iya neman sa kafin ta buɗe.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku.