Paul McGrath ya fi ƙarfin a ce masa mashayi a wuce

Zuwa ga Editan Shirin Wasanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka.

Ni tela ne, kuma na daɗe ina sauraron shirinku. Rediyona na kan teburin yanka, keke na tafiya ina jin ku. Ban taɓa ɗaukar biro na rubuto muku ba sai yau, domin abin da na ji a shirin ranar Asabar da ta wuce ya tsaya mini a rai. Kuna lissafa 'yan ƙwallon da ke da jinin Najeriya amma suka zaɓi buga wa wasu ƙasashe, aka ambaci Bukayo Saka, aka ambaci David Alaba. Sai wani mai sauraro ya bugo waya ya kawo sunan Paul McGrath na ƙasar Ailan. Ɗaya daga cikin masu gabatarwa ya yi 'yar dariya, ya ce ai wannan shi ne mashayin nan da koci Alex Ferguson ya kora daga Manchester United. Daga nan aka shiga talla. Ranka ya daɗe, ban ce yaron naku ya yi ƙarya ba. McGrath ya sha giya, Ferguson kuma ya sayar da shi. Amma wanda ya ga kunnen giwa kaɗai bai isa ya ce ya san giwa ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ranar 18 ga Yuni 1994, a gasar cin kofin duniya ta Amurka, Ailan ta kara da Italiya a filin Giants. Muna cunkushe a zauren wani maƙwabcinmu mai talabijin, kuma gaskiya ba don Ailan muka zauna ba, Roberto Baggio muka zo gani, tunda shi ne ya ɗauki Ballon d'Or na 1993. Wasa bai yi nisa ba Ray Houghton ya ɗaga wata ƙwallo ta bi ta kan gola Pagliuca ta faɗa raga. Muka ce yanzu Italiya za ta farke ta ƙara biyu. Har aka tashi ba su farke ba. Dalili kuwa wani baƙin mutum ne mai lamba biyar a bayan Ailan, ɗan shekara 34, hannunsa na hagu na lilo a gefensa kamar ba nasa ba. Daga baya ne muka ji cewa wata cuta ce ta kama masa kafaɗa ta kashe masa hannun. Duk inda Baggio ya juya yana nan, duk inda Signori ya ratsa yana nan. Akwai lokacin da ya tare hari, ya sake tarewa, sannan ya sa fuska ya tare bugu. Wani dattijo a zauren ya tambaya ko wannan bawan Allah ba shi da iyali ne.

Kwana 17 bayan wannan, kowa ya san abin da Baggio ɗin nan ya yi mana kusa da Boston. Amunike ya ci, an ba Zola na Italiya jan kati, saura minti biyu a tashi, sai ga ƙwallo a ragarmu, ya kuma ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Mutumin da ya gagari dukkan bayan Super Eagles, shi ne mai hannu ɗaya da gwiwoyi biyu marasa lafiya ya hana sakat minti 90. Wannan shi ne wanda aka taƙaita tarihinsa a kalma guda a shirinku.

An haifi Paul McGrath a Landan ranar 4 ga Disamba 1959. Mahaifiyarsa 'yar Dublin ce, mahaifinsa ɗan Najeriya, kuma ba aure tsakaninsu. Uban ya ɓace tun kafin a haife shi. Ailan ta wancan zamani ƙasa ce ta riƙon ɗariƙar Katolika sosai, cikin da ba aure abin kunya ne babba, balle a ce na baƙar fata ne. Tsoron gida ya sa yarinyar ta tsallaka Ingila ta haihu a ɓoye, ta ba da jaririn riƙo yana ɗan makonni. Aka mayar da shi Dublin, yana wajen shekara biyar aka kai shi gidan marayu, kuma a irin waɗannan gidaje ya girma har ya zama saurayi. Maraya ne alhali uwarsa na raye. Uwar takan ziyarce shi, amma ziyara daban, goyo daban. Ka ƙara da cewa a Dublin ta lokacin sai yaro ya daɗe bai ga mai launin fatarsa ba.

Ƙwallo ce ta ba shi wurin tsayawa. Ya buga wa ƙananan ƙungiyoyin unguwa, ya taɓa aikin gadi, sannan a 1981 St Patrick's Athletic ta Dublin ta ɗauke shi. Kaka ɗaya kacal ya yi a can, 'yan wasan ƙasar suka zaɓe shi gwarzonsu, kuma a 1982 koci Ron Atkinson ya kai shi Manchester United. Magoya bayan United na gidajen kallo, waɗanda tarihinsu ya fara daga Ronaldo da Rooney, su je su tambayi wasan ƙarshe na kofin FA na 1985. Everton ce zakarar Ingila a shekarar. Aka kori Kevin Moran, wanda shi ne ɗan wasa na farko da aka taɓa kora a wasan ƙarshe na wannan kofi, United ta rage mutum goma. McGrath ya riƙe baya har Norman Whiteside ya ci a ƙarin lokaci, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan.

Alex Ferguson ya zo a ƙarshen 1986 ya tarar da ƙungiyar da shan giya ya zama al'ada a cikinta, ya kuma ɗaura ɗamarar kawar da ita. A nan ba na ganin laifinsa, aikinsa ke nan. McGrath ga sha, ga gwiwoyin da aka yi ta yi wa tiyata. Har tayin kuɗi aka yi masa ya ajiye ƙwallo gaba ɗaya, ya ƙi. A 1989 aka sayar da shi ga Aston Villa a kan fam 400,000, a daidai lokacin da United ta kashe sama da fam miliyan biyu ta sayo Gary Pallister. Ana ganin an rabu da ƙaya.

To, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kocin Villa, Graham Taylor, da mai kula da lafiyar 'yan wasa, Jim Walker, suka gane cewa wannan gwiwa ba za ta ɗauki atisayen kullum ba. Sai suka ɗauke masa. Abokansa na gudu a fili, shi yana kan keken motsa jiki, ranar wasa ya sa riga ya fito. A kakarsa ta farko Villa ta zo ta biyu bayan Liverpool. A kakar 1992/93, wato kakar farko ta gasar Firimiya, ta sake zuwa ta biyu bayan United, kuma a wannan shekara 'yan wasan Ingila da kansu, waɗanda suke gwabzawa da shi kowane mako, suka zaɓe shi gwarzon shekara. Wannan kyauta ba kasafai take zuwa hannun ɗan baya ba: sai da aka yi shekara 12 kafin John Terry ya ɗauke ta a 2005. A 1994 Villa ta doke United ɗin Ferguson da ci 3-1 a Wembley ta ɗauki kofin League, ta sake ɗaukarsa a 1996 bayan ta lallasa Leeds 3-0. Magoya bayan Villa har wani laƙabi suka sa masa wanda ni Musulmi ba zan iya maimaitawa ba, amma ya isa ya nuna maka matsayinsa a wurinsu. Ya ƙarasa a Derby County da Sheffield United. Ailan kuwa ya buga mata wasa 83, ya ci ƙwallo 8, yana cikin waɗanda suka doke Ingila a Stuttgart a gasar Turai ta 1988, da waɗanda suka kai zagayen 'yan takwas a kofin duniya na 1990, inda kocin Ailan Jack Charlton yake sa shi a tsakiya.

Yanzu maganar giyar. Shi da kansa bai ɓoye ba. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2006 ya faɗi yadda ya sha buga wasa da giya a jikinsa, yadda ya ɓace wa tawagar ƙasarsa, yadda aurensa ya mutu, har da yunƙurin kashe kansa. Mutum ne mai tsananin kunya da tsoron shiga jama'a, kuma kwalba ta zame masa maɓoya har ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ban kawo wannan don in wanke shan giya ba, haramun ne kuma ta cinye masa abubuwa da yawa. Abin da ya dame ni dariyar ce. A layin shagona akwai samari biyu da maganin tari da ƙwaya suka mayar abin tausayi, kuma dukansu masu sauraron shirinku ne, don ƙwallo kaɗai ta rage musu abin hira. In sun ji an kira sunan mai irin ciwonsu an yi dariya an shiga talla, me aka koya musu?

Sai batun da kuka gina shirin a kansa, wato 'ya'yanmu da suka guje mu. A kan McGrath dai, wa ya guji wani? Abin da Najeriya ta ba shi uba ne da bai tsaya ya ga fuskarsa ba. Ailan ma ba ta yi masa tarbar arziki ba tun farko, gidan marayu ta kai shi. Amma daga baya mutanenta sun rungume shi, suna rera sunansa a filin wasa da kan titi. Ana ba da labarin cewa ranar 1 ga Yuli 1990, da tawagar ta dawo daga Italiya, ta zo daidai da ziyarar Nelson Mandela a Dublin, sai taron jama'a suka juya waƙar da suke yi wa McGrath, suna kiran Mandela babansa. Raha ce, amma ni duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi: gari guda ya tashi ya nemo masa uba, tunda nasa bai zo ba. Yau ga Chiedozie Ogbene da aka haifa a Legas, ga Adam Idah, ga Gavin Bazunu, ga Andrew Omobamidele, duk sun sa koriyar rigar Ailan. Hanyar da suke bi, Chris Hughton da McGrath ne suka fara share ta.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka ware minti goma a wani shiri mai zuwa a ba da tarihin mutumin nan yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa. Kafin nan kuma ka sa yaron naku ya nemo wasan Ailan da Italiya na 1994 a YouTube, ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe, ya riƙa duban hannun hagun mai lamba biyar.

Na gode. A gaishe da ma'aikata.

Naku mai sauraro,
Wani tela daga Tudun Wada, Zariya