Kuskuren alƙali ma yana gyaruwa, amma wa ke faɗa wa talaka?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan abin da ya same mu a nan Gombe.

Ɗan ƙanwata, yaron tela, ya yi dambe da wani a kan kuɗin ɗinki. Wata ƙaramar kotu ta ɗaure shi shekara 2. Muka ce ƙaddara, muka dawo gida. Uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta tana kai masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli duk Lahadi. Sai bayan wata 13 wani lauya maƙwabcinmu ya karɓi takardar hukuncin, ya buɗe littafin doka a kan tabarmar ƙofar gidana, ya ɗora yatsa a kan sashen. "Baba, wannan laifin iyakarsa shekara 1 ne."

Laifi kam yaron ya yi, ban wanke shi ba. Amma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a yi wa mutum hukuncin da ya fi wanda doka ta tanada lokacin da ya aikata laifin. Sashen nan dai ya ba wanda aka yanke wa hukunci ikon karɓar kwafin hukuncin cikin kwana 7. Mu ba wanda ya faɗa mana. Kwana 30 na ɗaukaka ƙara sun wuce tuni, sai da lauyan ya fara roƙon Babbar Kotu ta ƙara lokaci, sannan ta gyara hukuncin, aka saki yaron. Watannin da suka ɗoru kuwa, sai dai haƙuri.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta yi maganar hukuncin da ba ɗauri, kamar sharar kasuwa ko zuwa sa hannu wajen jami'in sa ido. Nan ma a rubuta wa mutum sharuɗɗan da ranar ƙarewarsu, cikin Hausa in ya yiwu, domin ya san inda aka zarce.

Roƙona ga Babban Jojin jiha: idan an je ziyarar gidan yari, kada a tsaya kan masu jiran shari'a kaɗai, a leƙa fayilolin waɗanda aka riga aka ɗaure. Ku kuma ku buga mana adireshin ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a Kyauta na Gombe, a shafin farko.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe