Me ya haɗa furanni da takardar naɗa taba?

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Na ga hotunan tsofaffin tallace-tallacen Turawa da kuka saka a shafin al'adu satin da ya wuce, sun yi kyau kam ba ƙarya, amma yabon da aka zuba musu ya yi yawa shi ya sa na ce bari ni ma in tofa albarkacin bakina.

Ku sake duba fostar nan da Alphonse Mucha, mai zanen nan ɗan ƙasar Cek da ya yi suna a Faris, ya yi wa kamfanin Job a 1896. Mace ce ta ɗaga kai ta lumshe ido, gashinta ya nannaɗe ya bazu kamar yaɗon kabewa a kan danga, hayaƙi na tashi, to don Allah me ake sayarwa? Takardar naɗa taba fa! Haka ya yi wa masu giyar Moët & Chandon a 1899, mata cikin furanni da ganye sai ka ce a lambu aka shuka su suka tsiro, ba mai aiki a cikinsu ba mai gajiya, ko ƙurji ɗaya babu a fuska.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce yarinyar kwalin busasshen inabi na Sun-Maid a Amurka, mai jar hula da faifan inabi a hannu rana na bayanta. Mutum ce fa ta gaske, Lorraine Collett sunanta, a 1915 aka zana ta, kuma a garin Fresno na Amurka aiki take yi a ma'aikatar da ake gyara inabin ana ɗurawa a kwali, amma ina, wa zai zana ta a tsaye a bakin aiki tana zufa, murmushin kawai ake so.

Mu ma abin bai bar mu ba. Ina ƙarama akwai wata kalandar man shafawa a ɗakin yayata, mace fara sol da fure a kunne, shekarar ta ƙare amma ta ƙi cire ta, daga baya man ta dinga saya har ƙuncinta ya ƙone ya yi baƙi, Inna ta yi faɗa ta gaji.

Don Allah in za ku sake kawo irin hotunan nan ku faɗa mana su wane ne matan, kuma nawa aka biya su.

Taku mai karatu kullum,
daga Zariya.