Godiya ga Shagon Ɗinkin da Ya Auna Mu a Kan Keke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai shagon ɗinki na kusa da tashar mota a Gumel, da yaran shagonsa baki ɗaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran aiki. Malam, na rubuto wannan takarda ne a madadin 'yan'uwana mahaya keke na ƙauyenmu. Na san halinka. Da a shago na tsaya zan yi maka wannan godiya, kafin in kai rabi ka ce "ai ba komai," ka ci gaba da taka keken ɗinkinka. Shi ya sa na zaɓi in yi ta a bainar jama'a, inda ba ka da halin katse ni. Sunanka kuwa na bar shi tunda ka ce kada in sa. Wanda ya san Gumel ya san shagon da nake nufi.

Mu goma sha huɗu ne: malaman firamare biyu, mai faci ɗaya, ɗalibai biyar, sauran manoma. Duk safiyar Asabar bayan sallar asuba mukan hau titin Maigatari, mu je mu dawo kafin rana ta yi zafi. Ranar Alhamis kam ba ma kusantar titin, saboda manyan motocin da ke ɗebo dabbobi daga kasuwa. Kekunanmu ba na a-zo-a-gani ba ne. Yawancinsu tsofaffin Phoenix ne da muka cire wa kariya, sai guda huɗu masu giya da aka samo a gwanjo.

Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne sutura. Mai doguwar riga kaca ta cinye masa gefe. Mai shat ɗin auduga kafin ya yi nisa ta jiƙe sharkaf ta manne masa, da bazara ta bar shi da ƙuraje a gadon baya, da hunturu kuwa in ya tsaya hutawa sanyin jiƙaƙƙiyar rigar ya shige shi har ƙashi. Muka koma jesin 'yan ƙwallo, ita kuma da ka sunkuya ka kama kan keke sai ta tattare sama ta bar tsatsonka a waje, iska tana kaɗa ta kamar tuta.

Ana nan sai ɗaya daga cikinmu ya tsinci ainihin rigar tseren keke a cikin dilar gwanjo a Ƙofar Wambai. Muka kai wa wani tela a wani gari, ba zan faɗi inda yake ba, muka ce irinta muke so. Ya tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya ya auna kamar masu ɗinkin Sallah. Ranar da muka karɓa, tun wajen zura kai zare ya fara tsinkewa ɓas-ɓas. Gaban rigar ya taru a ciki kamar an ƙunsa goro, bayan ya ɗage, aljihun ɗaya ya yage da wayar mai shi a kan kwalta. Kuɗin da muka yi wata uku muna tarawa ya tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya saba ya yi.

Da wannan takaicin muka zo wurinka, kuma ba zan manta ba. Ka karɓi rigar gwanjon, ka juya cikinta, ka ja ta a tsaye, ka ja ta a kwance, ka ɗaga ta ga hasken ƙofa. Ka daɗe ba ka ce uffan ba. Can sai ka ce, "Malam, wannan ba rigar mai tsayuwa ba ce, ta mai sunkuyo ce. Ku shigo mini da keke." Yaronmu ya jingina da bangon shagon, ya hau, ya kama kan keken kamar yana gudu, kai kuma ka ɗora tef daga ƙeyarsa har ƙasan tsatso, sannan daga kafaɗa zuwa dantse hannunsa a miƙe. 'Yan acaɓa da mai rake suka taru suna dariya, wai yau ga tela yana auna keke. Ko kallonsu ba ka yi ba. Haka ka bi mu goma sha huɗun nan.

Sai ka nemi izinin mai rigar ka farke ta, da alkawarin za ka mayar masa da ita yadda take. Ka zauna da reza kana bin ɗinkin zare-zare. Da ka shimfiɗa yankunan a kan tebur muka ga abin da idonmu bai taɓa kamawa ba alhali rigar ta yi wata biyu a hannunmu: gaba gajere ne, baya ya ɗara shi da kusan faɗin tafin hannu, gefe biyu wani yadi ne dabam mai ƙananan huji kamar gidan sauro, hannun kuma ba a kan kafaɗa aka haɗa shi ba, daga wuya ya gangaro a karkace zuwa hammata, don kada ɗinki ya zauna daidai inda kafaɗa ke miƙewa. Ka zana kowane yanki a kan kwalin taliya, ka yanka, ka rataye a ƙusa. Har yau suna nan, na gan su makon jiya.

Maganar yadi ita ta fi burge ni, domin nan ne da ka so ka cuce mu da ba wanda zai gane. Mun ce ka sayo mai araha. Ka ce araha ba ta ado, ka shiga mota da kanka zuwa Kantin Kwari, ka dawo da ƙyallaye uku. Ka zuba wa kowanne ruwa cokali ɗaya, ka shanya su a igiyar bakin shago tare da wani ƙyallen auduga. Kafin mu gama shan shayi, ɗaya daga cikin ukun, na foliyesta, ya bushe ƙarau, audugar kuwa tana nan jagab. Dalilin a fili yake: zaren auduga shanye ruwa yake ya riƙe, zaren foliyesta kuwa ba ya sha sai ɗan abin da ba a rasa ba, saƙar ce ke jan gumi daga fata ta baza shi a waje iska ta kwashe. Wanda ka zaɓa yana da ɗan zaren roba a ciki, irin wanda ake kira Lycra, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958. Shi ke sa rigar ta bi jiki ta kuma koma yadda take. Ka kuma lura cewa yadin ya fi miƙewa ta gefe ɗaya, sai ka yanka shi yadda miƙewar za ta zagaya ƙirji, ba ta bi tsawo ba. Ka ce in aka yi akasin haka, duk abin da aka sa a aljihu sai ya ja rigar har cinya.

Sirrin tsinkewar zaren farko ma a wurinka muka ji shi. Miƙaƙƙen ɗinki ba ya miƙewa tare da yadi mai roba, dole ya tsinke. Ka haɗa yankunan da keken wibin, ka kwantar da bakin da zigizag, ka canza allura zuwa mai dakusasshen baki wadda ke ratsawa tsakanin zaren saƙa ba tare da ta yanke shi ba. Ka gaya mana gaskiya cewa shimfiɗaɗɗen ɗinkin da ke jikin ta gwanjon, wanda ba shi da tudu ko kaɗan, na wani inji ne da ba ka da shi, amma za ka kauce wa duk inda fata ke gogawa. Ka cika. Wata biyar ke nan ba wanda hammatarsa ta saɓule.

Aljihun baya kuwa, Malam, Allah ya yi maka albarka. Uku ne a jere a kan tsatso, bakinsu da lastik, kuma ka karkatar da na gefe biyun don hannu ya shiga ba sai an tsaya ba. Gwajin farko bai yi ba. Mai facinmu ya cusa fiya wata biyu a na tsakiya, kafin ya kai rabin hanya kusurwar ta fara buɗewa. Muka dawo da ita muna jin nauyin faɗa maka. Ka duba, ka ce laifinka ne, ka karɓe duka goma sha huɗun, ka sa wa kowace kusurwa ɗan ƙyalle ta ciki ka daddanne da ɗinki, ba ka karɓi ko sisi ba. Yanzu waya da dabino da ƙuli-ƙuli da faci da sholisho duk a baya suke tafiya. Na tuna ranar da nake ba ka labarin cewa mahayan Turai na da rigunan ulu suke sawa, wasu da aljihu a ƙirji. Ka yi dariya ka ce ai iska za ta cika su kamar buhu, ga kaya na lilo a gaban mutum. Bayan ne wurinsu.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa ƙirguwa. Zif ɗin YKK ka sa daga wuya har ƙasa, ka liƙa masa siririn ƙyalle ta ciki don kada ya yi tudu-tudu, ka rufe kansa da ɗan harshe don kada ya ciji maƙogwaro. Bakin rigar ta ƙasa lastik mai kama jiki. A baya ka ɗinka siririn tef mai ƙyalli da fitilar mota ke haskawa, abin da mu ba mu ma roƙa ba. Ka ce masu fita da duku-duku ne mu, kuma direban tirela ba ya ganin mai keke sai ya zo kansa.

Akwai abin da ba na jin wani kamfani na ƙetare zai yi tunaninsa. Ka san garinmu, ka san dattawanmu, ka san ɗamammiyar riga ba za ta shiga gari lafiya ba. Sai ka ɗan sassauta ƙirji da ciki yadda ba za ta kaɗa a iska ba kuma ba za ta fitar da surar mutum ba, ka ƙara wa hannu tsawo zuwa gwiwar hannu. Tsawon bayan nan kuma ya yi mana amfani biyu. Ranar da azahar ta riske mu a hanya muka tsaya wani masallacin bakin titi, na ga duk sahun namu an yi ruku'u da sujada ba wanda ya kai hannu baya yana jan riga. Da na faɗa maka sai ka ce ai da wannan ka yi lissafi tun farko.

Rubutun jiki ma ba ka yi mana rufa-rufa ba. Ka ce na roba da ake mannawa da zafi toshe hujin yadi yake, gumi ya taru a ƙarƙashinsa, daga baya ya tsattsage. Ka kai yankunan Kano tun kafin a haɗa su, wurin masu buga zane a takarda su danne da injin da zafinsa ke kai wajen digiri 200, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. Ka ce wannan sai a kan farin foliyesta, auduga ba ta kamawa. Ka nuna mana rasit, ko kuɗin motarka ba ka ɗora ba sai da muka matsa.

Rigimar launi kuwa mu muka kawo maka ita har shago, ka yi haƙuri da surutunmu. Yaran duk rawaya suke so, saboda sun gani a waya. Na ce musu a gasar zagaya Faransa, wadda aka fara a 1903, ba kowa ke sa rawaya ba sai wanda ke kan gaba. A 1919 aka fara ba da ita, Eugène Christophe ne ya fara sawa, kuma jaridar L'Auto da ke shirya gasar a kan takarda rawaya ake buga ta. A gasar Italiya tun 1931 jagora ruwan hoda yake sawa, kalar takardar jaridarsu. Wani ya ce to a yi mana kore, tunda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga a Faransa a 2024, ga shi kuma kalar tutarmu ce. Kana ta yanka kana saurare, sai ka raba gardamar: kore da fari ga kowa, rawaya guda ɗaya tak, duk wanda ya riga kowa dawowa ya riƙe ta mako guda. Ita wannan kyauta ka ba mu.

Ina kuma miƙa godiya ga yaranka, musamman ƙaramin nan mai kula da keken wibin, wanda ya bi mu har bakin titi yana jaddada mana kada a kusanto da dutsen guga na gawayi, kada a sa haifo, a wanke ranar da aka sa da ruwan sanyi a shanya a inuwa. Mutum ɗaya ya ƙi ji. Tasa tana nan da tambarin dutsen guga a kafaɗa, kuma ya hana ni faɗin ko wane ne.

Ga duk masu hawa keke a ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, har da ku mutanen Haɗeja, in kuna neman irin wannan riga ku tafi da kekenku, kuma kada ku zo masa ana saura kwana goma Sallah ku ce ni na turo ku.

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya kawo maka injin nan da ka ce kana buri, ya raya zuriya. Rawayar rigar yau mako uku ke nan tana hannun wani ɗalibinmu ɗan shekara goma sha bakwai da ke hawa tsohon keken babansa, kuma ba alamar zai sake ta. Ta yi masa yawa a kafaɗa. Za mu shigo da shi ranar Laraba in Allah ya kai mu, da kekensa, ka rage masa.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare,
a madadin mahaya keke na ƙauyenmu, ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.