Wane ne ya yi binciken da ya nuna?

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Ina rubuto muku ne daga Madina kan wata magana da ta yi yawa a jaridunmu na Hausa, wato "bincike ya nuna". Bincike ya nuna zogale na maganin kaza, bincike ya nuna mata sun fi maza kaza, ka bi labarin har ƙasa ba sunan wanda ya yi, ba jami'a ba shekara, balle a ce mutum nawa aka gwada, shikenan sai a kwafe a watsa a gurup gurup na WhatsApp, mu ma nan haka yake iso mana daga gida har dattawa su kama aiki da shi.

Su kuma samarinmu sun ɗauko kalmar turawa risach sun maida ita ta kowa, mutum ya kalli bidiyo biyu a TikTok ya ce maka ai ni na yi risach. To kalmar fa daga Faransanci ta shiga Turanci, asalinta nema ne mai naci, a nema a koma a sake nema, kuma masu ita ba komai suke kira da ita ba, aikin ɗan sanda sunansa daban, neman mai a ƙarƙashin ƙasa sunansa daban. Mu ne muka zuba su duka a bincike, ba laifi ba ne, amma ya zama dole mai rubutu ya faɗa mana wanne yake nufi.

Duk ɗan uwanmu da ya yi magistir, wato digiri na biyu, a Jami'ar Musulunci ta nan Madina, wadda aka buɗe a 1961, ya san me ake ce wa bahasi, wato binciken ilimi a Larabce. Sai ka rubuta huɗɗa, wato tsarin aikin, an amince tukuna, a haɗa ka da mushrif, malamin da zai riƙa duba maka aikin, duk hadisin da ka kawo sai ka yi masa tahriji ka faɗi littafi da juzu'i da shafi, in kuwa tahƙiƙin tsohon littafi aka ba ka to zama za ka yi kana gwada kwafe da kwafe kalma kalma, har ido ya yi ja wallahi, ranar munaƙasha kuma, wato ranar kare aikin, a zaunar da kai gaban malamai su yi ta tsefe ka a bainar jama'a. Wani shekara uku yake kai.

Ko man da ƙasar nan ta Saudiyya ke taƙama da shi haka ne. An ƙulla yarjejeniya da kamfanin Amurka a 1933, rijiyoyin farko ba su ba da abin kirki ba, sai a watan Maris 1938 rijiya ta bakwai a Dammam ta kawo mai. Shi ma bincike za mu ce da Hausa, shi da na mai bidiyo biyu, haba.

Roƙona Malam Edita, musamman a labarin lafiya tunda nan ne ake cutuwa, wakilinku ya riƙa rubuta wa ya yi binciken, a ina, yaushe, kuma a kan mutane aka gwada ko a kan ɓeraye. In bai samu ba ya rubuta "an ce", mun san yadda za mu ɗauke ta.

Naku,
wani mai karatu daga Madina